Turaren Wuta a Ɗakin Murjani

Ban taɓa mantawa da Lahadin da muka karɓi shugaban hukumar gudanarwarmu a ɗakin murjani ba. Tun da ku sababbin ma'aikata kun fara jin labarin guntu-guntu a wurin shan shayi, gara in ba ku shi a jere, abin da na gani da idona da abin da na tattara daga baya a bakin waɗanda suka yi aikin. Ni dai kun san ni, jami'in yaɗa labarai ne na wannan cibiya ta binciken teku. Kafin in zo Doha na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo a gida, inda aka koya mini cewa abin da ba ka tabbatar ba kada ka faɗa, wanda ka tabbatar kuma kada ka ƙara masa gishiri. Wannan labarin ba ya ma buƙata. A ruwan teku aka yi shi, da gishirinsa ya zo.

Bari in fara da murjanin kansa, saboda waɗanda ke ofis ba su shiga ɗakin gwaji. Mu Hausawa in aka ce murjani, jan dutsen nan na wuya muke tunawa. Wanda ake kiwo a nan ba shi ba ne. Wata 'yar halitta ce mai rai, ƙarama ƙwarai, da ke zama cikin taro tana gina wa kanta gida na dutse a ƙasan teku, har gidajen su taru su zama tudu, kifaye su samu wurin ɓuya da hayayyafa. A cikin naman jikinta akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, ita ke ciyar da ita, ita ce kuma ke ba ta launi. Saboda haka murjani mai lafiya a tekun nan yawanci ruwan ƙasa ne, kamar ƙuli-ƙulin da ya sha wuta. In ruwa ya yi zafi fiye da kima, sai murjanin ya kori gansakukar, ya koma fari tas. Farin nan ba tsabta ba ne, yunwa ce. In abin ya daɗe, mutuwa ce. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin ya tsaya: mummuna shi ne mai rai, kyakkyawa shi ne mai jinya.

Mai kula da ɗakin a lokacin, har yanzu kuma, ita ce Dakta Rakiya, babbar mai bincike, 'yar Zariya. Aikinta shi ne ta ɗebo reshe-reshe na murjani daga teku, ta sa su a tankuna, ta riƙa ƙara wa ruwan zafi sannu a hankali, ta ga waɗanne ne za su jure ba su yi fari ba. Waɗanda suka jure su ne iyaye. Murjani sau ɗaya yake zuba ƙwai a shekara, to a wannan shekarar ta yi nasarar haɗa ƙwayayen iyayen nan, ta samu jarirai da suka manne a kan 'yan ƙananan tayil, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Burin shi ne su girma a mayar da su teku, a dasa a wuraren da zafi ya kashe. Saboda wannan aiki ɗakin kullum da ɗumi yake, da laima, da ƙarni. Wanda ya shiga da babbar riga, da gumi yake fita.

Kwantiragin Dakta zai ƙare a ƙarshen shekarar, kuma Darakta ya gaya mata a fili cewa sabuntawa ta dogara ne ga abin da tankunan nan suka haifar. Ba sai na yi muku bayanin ma'anar wannan a ƙasar nan ba. Aiki ya ƙare, takardar zama ta bi shi, yaran da ke makaranta a unguwar Mesaimeer a cire su a tsakiyar zango, a ɗaure kaya. Wato duk rayuwar gidan Dakta tana cikin ruwan nan mai ɗumi.

Sai mutum na biyu, Alhaji Sabi'u, mataimakin darakta mai kula da mulki da karɓar baƙi. Ya yi aikin tarbar manya a wani gidan gwamnati a gida kafin ya zo nan, kuma ba ya bari a manta. Mutum ne mai tsabta, mai ƙamshi, mai fara'a, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Matsalarsa ɗaya ce: a ganinsa duk abin da Allah ya halitta, ya halitta shi ne domin wata rana babban mutum zai zo ya gani. Ya taɓa sa a wanke kunkurun teku da aka kawo jinya saboda za a ɗauki hoto.

A farkon watan Satumba, lokacin da iskar Doha take kamar tawul ɗin da aka tsoma a ruwan zafi, sanarwa ta zo cewa shugaban hukumar gudanarwa zai ziyarci cibiya, kuma ɗakin murjani yake son gani. Dattijo ne ɗan ƙasa, ba ya yawan fita. Nan take aka kafa kwamitin tarba, Alhaji shugaba, ni wakilin yaɗa labarai, Dakta wakiliyar bincike. Aka yi zama ranar Laraba, bayan Alhaji ya zaga ɗakin da hankici a hanci.

“Dakta,” in ji shi, “Allah ya saka da alheri, aiki ya yi kyau. Amma ɗakin nan wari yake.”

“Teku ce, Alhaji. Haka take.”

“To ai ba teku zai zo gani ba, cibiya zai zo gani. Kuma zafin nan fa? Dattijo ne. In ya faɗi a hannunmu, wa zai amsa?”

“Zafin shi ne gwajin. In ka taɓa shi, ka taɓa aikin shekara. Minti nawa zai yi a ciki? A ba shi ruwan sanyi a ƙofa.”

Alhaji ya yi murmushin da ake yi wa yaro in ya faɗi abin da bai sani ba. “Dakta, ke kin san kifi, ni na san manya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.”

“Murjani ba kifi ba ne.”

“To, kin ga ni ma ban shiga gonarki ba.”

Sai ya zo kan abin da ya fi damunsa. A tsakiyar ɗakin, daidai inda ido ke fara sauka, akwai wata kanta mai taya da ke ɗauke da tankunan iyayen nan masu jure zafi. Ya ce waɗancan farare na gefe, masha Allah, kamar auduga, amma waɗannan na tsakiya kamar an jiƙa tsohon takalmi. Ko za a iya ɗan goge su? Dakta ta ajiye biro. Ta yi masa bayanin da na yi muku ɗazu, har sau biyu, na biyun da Turanci ko zai fi shiga. Ta ce kada a taɓa zafin ɗakin, kada a taɓa tanki, kada a fesa komai, domin kowane tanki yana da na'urar kumfa da ke zuƙar iskar ɗakin tana kaɗa ta cikin ruwa don fitar da datti. Abin da hanci ya shaƙa a ɗakin nan, murjani ma ya sha.

“Khalas, shi ke nan,” in ji Alhaji. “An ji. Za a yi abin da ya dace.”

Na daɗe a aikin jarida, na san wannan jimla. Ba a taɓa faɗinta ba sai in an riga an yanke shawarar yin akasin abin da aka ji. Dakta kuwa masaniyar kimiyya ce, ta ɗauka kalmomi na nufin abin da suka ce.

An sa ziyarar ranar Lahadi da safe, farkon makon aiki a ƙasar nan. Ranar Asabar Dakta ta fita teku da masu nutso don duba wurin dashe, inda waya ba ta kamawa. Abin da ya faru a ɗakin a wannan rana ban gani ba, daga baya na haɗa shi, kuma babu wanda ya musanta ko ɗaya.

Da hantsi Alhaji ya kira Bulus, ma'aikacin da ke kula da famfuna da wayoyin ɗakin, mutumin Filato, ya taso shi daga gidansa a unguwar Mansura a ranar hutunsa. Ya ce a fitar da kantar tsakiya.

“Oga, Dakta ta sani?”

“Kwamiti ya amince, Dakta kuma tana cikin kwamiti.”

“Oga, bari in kira ta.”

“Kira mana.”

Waya ba ta shiga ba. Bulus ya ga in bai tura kantar da kansa ba, masu shara za a sa su tura, su kuwa ba su san wace waya ke zuwa ina ba. Sai ya tura ta ta ƙofar baya zuwa rumfar famfo, inda injinan jawo ruwan teku suke, wurin ajiye bokitai da tsumman goge ƙasa, wanda iska ke shiga ta ko'ina. Ya haɗa komai da wuta, ya tabbatar ruwa na zagayawa, ya koma gida da niyyar gaya wa Dakta da safe. Iyakar abin da ya sani ke nan, domin sai da ya tafi aka shiga babban aiki.

A gurbin kantar aka shimfiɗa jan kafet, aka ajiye kujera mai hannun zinariya da teburin gahawa da dabino. Aka kunna na'urorin sanyaya ɗaki har ƙarshensu. Na'urar gargaɗi, wadda aikinta shi ne ta yi kuka ta kuma aika saƙo wayar Dakta in zafin ruwa ya sauka, ta buɗe baki ke nan wani ya zare ta daga bango don kada ta yi wa baƙo rashin kunya gobe. Saƙon bai taɓa fita ba.

Sa'an nan aka zo kan ƙarni. A nan dole in yi wa Alhaji adalci, bai yi ha'inci ba. Bai sayo na kanti ba. Daga gidansa a Nu'aija ya ɗauko turaren wuta na matarsa Hajiya, haɗin Maiduguri, irin wanda ake ɓoyewa sai babban biki. Wani abokin aikinmu ɗan ƙasa ya ji labari, ya ga ba za a bar su a baya a harkar da suka gada ba, ya aiko da nasa itacen turaren. Aka jera kasake a kusurwoyi, aka zuba garwashi. Kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ƙa'ida: turare ba ya kama ɗaki sai an rufe ƙofa da taga an bar shi ya kwana. A nan Bahaushe da Balaraben Gulf ba su da saɓani ko kaɗan. Fankokin da ke zuƙe iskar ɗakin suna fitarwa waje aka ga suna satar ƙamshi, aka kashe su. Na'urar jin hayaƙi da ke rufi aka sa mata safar hannu ta roba, irin ta ɗakin gwaji, yatsu biyar suna reto. Aka yayyafa humra a labulen da aka rataya don ɓoye bututu. Aka ja ƙofa, aka kulle.

Na'urorin kumfa kuwa ba wanda ya kashe su, saboda kumfarsu na da kyau a ido. Suka kwana suna aikinsu da aminci, suna zuƙar haɗin Maiduguri suna ɗura wa murjani.

Da safiyar Lahadi ni da Dakta muka iso kusan tare. Tun daga baranda ta tsaya, ta ɗaga hanci. Sai ta ƙara sauri. Da aka buɗe ƙofa sanyi ya buge mu kamar an buɗe firij, ƙamshi kuma ya biyo baya. Gaskiya ɗakin bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Fitilu shuɗɗa, ruwa na walƙiya, hayaƙi siriri na yawo a sama. Murjanin da ke tankunan gefe duk sun janye jikinsu cikin dutse, suna fitar da wani yauƙi kamar an kaɗa kuɓewa. Dakta ta duba ma'aunin zafi, ta duba tankunan jarirai, ta bi bango tana kunna fankoki tana zare na'urorin kumfa da hannu biyu. Sai ta juyo tsakiyar ɗaki, ta ga kujera.

“Alhaji, ina iyayen?”

“Waɗanne iyaye?”

“Tankunan da ke nan wurin.”

“Au, masu dattin nan? Na sa an kawar da su. Kwantar da hankalinki, bayan an tashi sai a yi magana.”

“An kawar da su ina? An zubar?”

“Dakta, yalla, yi maza, mota ta shigo. Gyara mayafinki.”

Wanda zai iya amsa mata Bulus ne, shi kuma tun da sassafe jadawalin Alhaji ya ajiye shi a wurin ajiye motoci, riƙe da lema, wayarsa a aljihun wani saboda an hana 'yan tarba riƙe waya. Haka Dakta ta shiga layi ta tsaya, tana ganin jariranta na mutuwa a hagu, ba ta san ko iyayen suna cikin kwata ba. Na kalli hannunta, ta damƙe gefen abayarta har jijiyoyi sun fito. Fuskarta kuwa kamar mai jiran bas.

Dattijon ya shigo a hankali, yana dogara sanda, Darakta a gefensa yana zuba bayani. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi iska, ya dubi Darakta. Da Larabci ya yi magana, ni kuma ina kusa, na ji.

“Wa ake aurarwa?”

Aka yi dariya, domin in babba ya yi tambaya irin wannan dariya ce amsa mafi aminci. Alhaji ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, kamar wanda aka yaba wa girki. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce mahaifinsa mai nutso ne, a zamanin da ake neman lu'ulu'u. In sun dawo daga teku bayan watanni, tun daga bakin lungu ake jin warinsa, su yara su ruga. Ya ce an gaya masa akwai wani ɗaki a nan mai warin teku, shi ya sa ya ce a kawo shi.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Aka nuna masa kujera, bai zauna ba. Ya taka zuwa tankin da Alhaji ya fi alfahari da shi, wanda aka sa wa fitila ta musamman, fari fat. Ya daɗe yana kallo.

“Wannan ai ya gama,” ya ce. “Ina masu ran?”

Darakta ya dubi Dakta. Dakta ta matso, ta gaishe shi da irin gaisuwarsu ta manya, wadda ita ce ranka ya daɗe tamu, ta ce da murya a kwance, “Ranka ya daɗe, tambayar da nake yi ke nan tun da na shigo.”

Na karanta labaran juyin mulki a rediyo, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Idanu suka koma kan Alhaji ɗaya bayan ɗaya. Shi ma, ashe, bai san takamaiman inda aka kai su ba, shi dai ya ce a kawar. Aka aika a kira Bulus. Ya shigo da gudu, ya jiƙe sharkaf, lemar na hannunsa har yanzu a buɗe, ya ce suna rumfar famfo. Darakta ya fara cewa za a kawo hotunansu ofis, dattijon ya riga ya juya yana tambayar ta ina ne.

Ku yi tunanin jerin gwanon. Bulus a gaba da lema. Dattijo da sanda. Darakta da kwat. Alhaji da babbar riga mai aiki har gwiwa, yana ƙoƙarin ture bokiti da ƙafa ba tare da an gani ba. Mai ɗaukar hotonmu yana tambayata da ido ko ya ɗauka, ina ba shi amsa da ido cewa ni ma ban sani ba. Muka bar jan kafet a baya, muka bi ta ƙofar da ba a yi wa fenti ba, muka tsallake tiyo, muka shiga rumfa. Zafi ya rufe mu, injina na ruri, ƙarni kamar kasuwar kifi da azahar.

Ga kanta nan a jikin bango, tsakanin tsumma da jarkoki. Ruwa na zagayawa. Murjanin nan ruwan ƙasa, munana kamar yadda aka bar su, sun buɗe 'yan hannuwansu suna kaɗawa a ruwa, ba abin da ya dame su. Dakta ta durƙusa a gabansu a kan siminti mai jiƙe, ta duba ma'auni, ta bi su ɗaya-ɗaya da ido. Sai ta dafa ƙarfen kantar ta sunkuyar da kai, na ga leɓenta na motsi. 

Dattijon kuwa ya rufe ido, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya tashi. Ya daɗe a haka, gumi na bin gemunsa. Da ya buɗe ido ya nuna tankunan da sanda.

“Wa ya ce a fitar da waɗannan daga ɗakin can a kawo su nan?”

A nan ne na ga bambancin ƙwararre da ɗan koyo. Ni da na ji tambayar, ban san ko yabo ke tafe ko kora ba. Alhaji ya karanci fuskar dattijon cikin ƙiftawar ido, ya ga alamar daɗi, ya tako gaba, ya dafa ƙirji.

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Ka kyauta,” in ji dattijon. “Da ka bar su a can, da sun bi sauran.”

Har yau ban sani ba ko dattijon nan bai gane ba ne, ko kuwa ya gane sarai ya zaɓi ya yanka da bayan wuƙa. Na fi zaton na biyun, don na ga yadda ya kalli babbar rigar kafin ya faɗa. Amma ba zato ake rubutawa a rahoto ba, kalmomi ake rubutawa, kalmomin kuwa “ka kyauta” ne, a gaban shaidu.

Jariran ba su kai ƙarshen mako ba. Dakta da Bulus sun canza ruwa, sun sa gawayin tace ruwa, sun yi duk abin da ake yi, amma abin da bai kai ƙwayar gero ba ba ya jure sanyi da hayaƙi a dare ɗaya. Tayil suka koma tayil. Yawancin na tankunan gefe ma suka bi su, har da waɗanda da an bar su da sun farfaɗo. Aikin shekara ya tafi, kuma murjani ba ya zuba ƙwai don an matsu, sai lokacinsa ya zagayo.

An kafa kwamitin bincike, kamar yadda doka ta tanada. Da yake harka ce ta gini da kayan aiki, ofishin mulki aka ba sakatariya, wato Alhaji. Rahoton ya ce an samu tangarɗa a yanayin ɗakin sakamakon haɗuwar dalilai da dama. Bai ambaci turare ba, sai dai ya ce an lura da wasu sinadarai a iska. Ya kuma yaba da matakin gaggawa da ofishin mulki ya ɗauka na sauya wa muhimman samfura wuri tun kafin aukuwar lamarin. Ni aka ce in rubuta sanarwar manema labarai. Na rubuta cewa shugaban hukuma ya ziyarci cibiya, ya ga murjani masu jure zafi, ya nuna gamsuwa. Kowace kalma gaskiya ce. Hoton da ya fita shi ne na rumfa, an yanke bokitin.

Dakta ta samu ƙarin shekara. Dalili biyu ne, kuma Darakta bai ɓoye mini ba. Na farko, iyayen suna raye, ana iya sake gwadawa. Na biyu, in aka sallame ta sai an rubuta dalili, in aka rubuta dalili sai an ambaci kasko. Yaranta suka ci gaba da makaranta. Da lokacin ƙwai ya zagayo ta sake haɗawa, kuma 'ya'yan waɗancan munanan ne wasunku suka taya dasawa a teku bana.

Na tambaye ta daga baya ko ba za ta kai ƙara sama ba. Ta ce, “Malam Nasiru, in kai ƙarar wa? Mutumin da ya ceci aikina? Ai a rubuce yake.” Sai ta ci gaba da wanke tayil.

Abin da ta yi a maimakon ƙara shi ne abin da kuke gani yau ba ku san asalinsa ba. Ba ta mayar da iyayen ɗakin murjani ba. A rumfar famfo suke har yanzu, jarirai ma can ake renonsu a bayan injina. Ta hana a yi wa ƙofar fenti. Bokitan nan da kuke tuntuɓe da su a hanya ba mantuwa ba ce, Bulus ne ke jera su, kuma in an ce baƙo na zuwa yakan ƙara biyu. Ɗakin gaba kuwa an bar wa Alhaji, da fitilunsa shuɗɗa da kifaye masu launi da 'yan duwatsun da ba abin da zai ƙara samunsu. Kowa ya samu abin da yake so.

Abin da na koya a wannan rana ba game da murjani ba ne kaɗai. A aikinmu ana yawan maganar abokan gaban teku: zafi, gurɓata, masu haƙa da masu cikewa. Duk gaskiya ne, kuma duk ana iya auna su da na'ura. Wanda ba a ƙera wa ma'auni ba shi ne mutumin kirki mai son a fita kunya. Ba ya ƙin aikinka, so yake ya gyara maka shi kafin baƙo ya iso, da mafi tsadar abin da ke gidansa. Ba a yi masa gardama, don zai ce an ji. Ba a kai shi ƙara, don shi ke riƙe da biro. Hanya ɗaya ce: abin da kake so ya rayu, ka ajiye shi inda ba ya kyau a hoto.

Kada kuma ku ɗauka an gama. A zaman kwamiti na watan jiya Alhaji ya kawo shawara cewa, tun da rumfar famfo ta zama wuri mai tarihi a cibiyar nan, har shugaban hukuma ya tsaya a cikinta, ya kamata a sa mata tayil da gilashi da na'urar sanyi, a ɗan kuma yi wani abu game da warin. Dakta ta ce shawara ce mai kyau, an ji, za a yi abin da ya dace.

Da aka tashi na bi ta baya, na tarar ta sa wa ƙofar rumfar kwaɗo na biyu.